Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Waiwaye Kan Mamayar Iraƙi ta 2003

 

Takardar gayyatar da aka aiko mini tana ɗauke da tambayoyi biyu, har lamba aka sa musu. Ta ɗaya, shin mamayar da Amurka da Birtaniya suka yi wa Iraƙi a 2003 tana da hujja? Ta biyu, shin an yi mata shirin da ya kamata? An jera su kamar tambayoyin jarrabawa, waɗanda ɗalibi zai iya cin guda ya faɗi guda. Haka kuwa masu goyon bayan yaƙin suke so a jera su har gobe, don su samu bakin cewa niyya ta yi kyau, wajen aiki ne hannu ya goce. Ni a nawa karatun igiya ɗaya ce ta ɗaure tambayoyin nan biyu, ita nake so mu bi yau. Amma ku yi haƙuri, kafin in kai kan Shugaba Bush na Amurka sai na fara ɓata wa wasunku rai.

Safiyar Alhamis, 20 ga Maris 2003, ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu. Lokacin ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe a nan gida, amma ranar babu mai maganar jam'iyya, kowa ya kasa kunne ga 'yar rediyon da ke rataye a jikin ƙusa: an fara ruwan bama-bamai a Bagadaza tun kafin asuba. Yaron da ke wanke kofuna sunansa Saddam. Shekararsa goma sha biyu, wato an haife shi a 1991, shekarar da iyaye da yawa a ƙasar nan suka raɗa wa jariransu wannan suna. Wani dattijo ya dube shi ya ce, "Yaro, yau takwaranka zai nuna musu." Duk muka ce Allah ya sa, har da ni.

Wanda muke wa addu'ar nan, bari in tuna mana ko wane ne. Shi ya afka wa Iran a 1980, aka shekara takwas Musulmi na kashe Musulmi, dubban ɗaruruwa suka mutu. Ranar 16 ga Maris 1988 jiragensa suka zuba iskar guba a garin Halabja na Kurdawa, kimanin mutum 5,000 suka mutu, yawancinsu mata da yara da tsofaffi, wasu a bakin ƙofar gidajensu rungume da jarirai. A 1990 ya haɗiye Kuwaiti. A 1991, da 'yan Shi'ar kudu da Kurdawan arewa suka yi masa bore, ya murƙushe su, ya kuma ƙafar da fadamun kudancin ƙasar don ya hana 'yan tawaye mafaka. Kaburburan bai-ɗaya da aka tono bayan faɗuwarsa ba ƙagen Amurka ba ne. Saboda haka idan Bakurde ko mutumin Najaf ya ce maka ranar da Saddam ya faɗi ya yi sujadar godiya, ba ka da hurumin kiransa karen farautar Yamma. Jiki magayi. Akwai kuma wata hujja mai nauyi: takunkumin da aka ƙaƙaba wa Iraƙi tun 1990 talaka yake ci, Saddam kuwa sai gina fadoji yake, har manyan jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, Denis Halliday da Hans von Sponeck, suka ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya saboda ba za su iya ci gaba da kallon abin ba. Masu son yaƙi suka ce to, takunkumi na kashe yara, ɗage shi kuma sakin kura ne, me ya rage?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a iya kafawa. Abin lura, ba da ita aka je kasuwa ba. Ba ta kuma da daɗin faɗi a bakin Donald Rumsfeld, sakataren tsaron Amurka na lokacin, tunda akwai hotonsa na Disamba 1983 yana musafaha da Saddam a Bagadaza a matsayin manzon Shugaba Reagan, lokacin da Saddam ke yi musu aikin danne Iran. Hajar da aka baje wa duniya ita ce makaman ƙare-dangi, da alaƙa da Alƙa'ida.

Ta biyun ba za ta ci mana lokaci ba. Cikin mutum 19 da suka kai harin 11 ga Satumba 2001 babu ɗan Iraƙi ko ɗaya, kuma hukumar da Amurka ta kafa da kanta don binciken harin ta ce ba ta ga shaidar haɗin gwiwar aiki tsakanin Saddam da Usama bin Laden ba.

Ta makaman ce ke da labari, labarin kuma ya biyo ta ƙofar gidanmu. Ranar 28 ga Janairu 2003 Bush ya gaya wa majalisar dokokinsa cewa Birtaniya ta gano Saddam ya nemi yuraniyum mai yawa daga Afirka. Afirkan nan da ake nufi Nijar ce. Akwai wasu takardu da ke yawo a hannun hukumomin leƙen asiri, masu cewa Yamai ta yarda ta sayar wa Bagadaza tan 500. Biri ya so ya yi kama da mutum, domin Iraƙi ta taɓa sayen yuraniyum daga Nijar a farkon shekarun 1980, wani jakadanta kuma ya ziyarci Yamai a 1999. Amma duk wanda ya san Arlit ya san maganar ba ta zauna ba. A wancan lokacin ma'adinan nan kamfanin Faransa ne ke riƙe da su tare da abokan hulɗarsa, kowace ganga a ƙidaye take, kuma tan 500 wajen kashi ɗaya cikin shida ne na abin da ƙasar ke haƙowa a shekara. Ayarin manyan motoci ne zai ratso daga hamada har gaɓar teku, ta gaban jandarmomi da 'yan duwan da masu tuwo-tuwo na kowace tasha. A ƙasar da ko baƙon raƙumi ya kwana a gari sai labari ya kai wa mai gari, ina za a ɓoye wannan? Hukumar CIA ta tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai a Fabrairu 2002, mutumin da ya taɓa aiki a can, ya koma ya ce da wuya abin ya faru. Da takardun suka isa hannun Muhammad al-Baradei na hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ma'aikatansa ba su sha wata wahala ba: wasiƙa guda mai kwanan watan Oktoba 2000 tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Da wani ya ɗaga waya ya tambayi kowane tsohon ma'aikaci a Yamai, da an huta. Ranar 7 ga Maris al-Baradei ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Bayan kwana 13 aka fara yaƙi.

Jawabin sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell na 5 ga Fabrairu a Kwamitin Sulhu, wanda ya ɗaga 'yar kwalba yana kwatanta ƙwayar cuta, shi ma kashin bayansa ruɓaɓɓe ne. Labarin motocin da ake haɗa makaman ƙwayoyin cuta a cikinsu ya fito ne daga bakin wani ɗan Iraƙi mai neman mafaka a Jamus, wanda a 2011 ya fito fili ya ce ƙirƙira ya yi. Powell kansa ya ce jawabin tabo ne a tarihinsa. A Landan kuma gwamnatin Tony Blair ta buga kundi a Satumba 2002 mai cewa Saddam zai iya harba irin waɗannan makamai cikin minti 45. Bayan mamaya Amurka ta baza masu bincike fiye da dubu, suka bi ƙasar lungu-lungu, rahoton Charles Duelfer na 2004 ya ce babu tarin makaman, an lalata su tun 1991.

A nan mai adalci zai ce, ai hukumomin leƙen asirin ƙasashe da dama sun yi zaton yana da su, Saddam ɗin ma da gangan ya bar zancen a dunƙule don Iran ta ci gaba da shakkarsa. Haka ne. Sai dai zato daban, yaƙi daban, kuma akwai hanyar kore zaton. Ƙuduri mai lamba 1441 na Nuwamba 2002 ya mayar da sufetocin Hans Blix Iraƙi. Sun yi bincike sama da 700, har wuraren da Amurka ta nuna musu da yatsa sun je, ba su samu wani abin a-zo-a-gani ba in ban da makamai masu linzami samfurin Al-Samud da suka ɗan zarce zangon da aka yarje, aka kuma fara farfasa su a gabansu. Blix ya ce watanni yake buƙata ya kammala. Aka hana shi. Amurka da Birtaniya suka nemi ƙuduri na biyu da zai halatta yaƙi, suna buƙatar ƙuri'a 9, ƙasashe huɗu kawai suka tsaya a kai. Faransa ta ce za ta hau kujerar na-ƙi, amma ko ba ta hau ba ƙuri'un ba su cika ba, kuma ina so ɗalibai su riƙe wannan: ƙasashen Afirka uku da ke kwamitin a lokacin, Angola da Kamaru da Gini, an matsa musu lamba iya matsawa, ba su ba da ƙuri'arsu ba. Ranar 17 ga Maris aka janye daftarin. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ƙofa biyu kacal ta buɗe wa yaƙi, kare kai ko izinin Kwamitin Sulhu. Shi ya sa a Satumba 2004 babban sakatarenta Kofi Annan ya ce a ma'aunin dokar Majalisar yaƙin haramtacce ne.

To me ya sa gaggawa? Sojoji sun riga sun taru a Kuwaiti, zafin bazara na tafe. Kalandar soja ce ta yanke wa diflomasiyya wa'adi.

Yanzu ga igiyar da na yi muku alkawari. Ranar 23 ga Yuli 2002, wata takwas kafin yaƙi, Blair ya zauna da manyan jami'ansa. Shugaban hukumar leƙen asirin waje ta Birtaniya, Richard Dearlove, ya dawo daga Washington ya ba da rahoto, takardar zaman kuma ta fallasa a 2005. A sakin layi guda ya faɗi abu biyu: ana tanƙwara bayanan sirri su dace da shawarar da aka riga aka yanke, sannan ba a wani tattauna abin da zai biyo bayan yaƙin. Ku dubi yadda suka zo a jere. Mutumin da ya ƙudurta sayar da doki ko ta halin ƙaƙa ba ya son a duba haƙoransa.

Ba wai an rasa masu sani ba ne. Janar Anthony Zinni, wanda ya riƙe rundunar yankin kafin lokacin, ya bar tsarin da ke neman soja kusan 400,000. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta tara 'yan Iraƙi mazauna waje da ƙwararru, suka rubuta kundi 13 kan wuta da ruwa da shari'a da 'yan sanda, suka yi gargaɗin za a yi wasoso da zarar gwamnati ta faɗi. Ranar 25 ga Fabrairu 2003 hafsan sojin ƙasa, Janar Eric Shinseki, ya gaya wa majalisar dattawa cewa riƙe Iraƙi zai ci soja dubu ɗari da yawa. Bayan kwana biyu Paul Wolfowitz, mataimakin Rumsfeld, ya ce lissafin ya yi nisa da gaskiya. Lissafin Shinseki kuwa ba duba ba ne. A Kosovo, mai mutane kimanin miliyan biyu, an girke soja wajen 50,000 a 1999. Iraƙi a lokacin na da mutum miliyan 25. Ku buga da kanku, ya haura rabin miliyan. Da kimanin 150,000 na Amurka aka shiga, Birtaniya ta kawo 46,000 idan an haɗa na sama da na ruwa. Lawrence Lindsey, mai ba Bush shawara kan tattalin arziki, ya ce a 2002 yaƙin zai iya cin dala biliyan 100 zuwa 200, kafin shekara ta ƙare ya rasa kujerarsa. Abin da aka kashe kai tsaye daga baya ya wuce biliyan 800.

Me ya sa ake toshe bakin duk wanda ya faɗi gaskiyar farashi? Domin da an tsaya gaban Amurkawa an ce muna son 'ya'yanku rabin miliyan, na shekaru, da kuɗin da ba mu san iyakarsa ba, saboda makaman da sufetoci suka nema suka rasa, da babu mai saye. Dole yaƙin ya zama mai araha a baki kafin ya samu shiga. Sai mataimakin Bush, Dick Cheney, ya ce za a tarbe su a matsayin masu ceto, Wolfowitz ya ce man Iraƙi zai biya kuɗin gina ta, Rumsfeld ya ce kwana shida ne ko mako shida, yana shakkar a kai wata shida. Wanda ya yi wannan alkawari ba zai iya komawa ofis ya tsara zaman shekara takwas ba, tsarin zai ƙaryata shi. Ofishin da zai kula da Iraƙi bayan yaƙi sai 20 ga Janairu 2003 aka kafa shi, aka ba Janar Jay Garner mai ritaya, saura wata biyu cif. Gora ke nan ake fafewa an riga an ɗaura wa jaki mangala.

Yaƙin kansa, a ba su haƙƙinsu, mako uku ya ɗauka. Ranar 9 ga Afrilu muka ga mutum-mutumin Saddam ya kifa a dandalin Firdausi, ko da yake motar sojan Amurka ce ta ja shi. Washegari gari ya zama na mai ƙarfi. Aka kwashe ma'aikatu har da wayoyin wuta na cikin bango da ƙyamaren tagogi, aka shiga asibitoci, aka ƙone babban ɗakin karatu na ƙasa, aka ɗebe kayan tarihi kimanin 15,000 daga gidan tarihin Bagadaza. Ma'aikatar man fetur tana cikin 'yan wuraren da aka girke wa tankoki, mutanen gari kuma suna da idanu. Rumbunan makamai suka zauna babu mai gadi, kowa ya zo da a-kori-kura ya ɗiba. Rumsfeld ya ce irin wannan takan faru. A tsakiyar wannan hali ne Janar Tommy Franks ke gaya wa kwamandojinsa su shirya rage soja zuwa wajen 30,000 kafin Satumba, Bush kuma ya sauka kan jirgin ruwan yaƙi ranar 1 ga Mayu, a bayansa an rataya ƙyallen da ke cewa aiki ya kammala.

Sai aka turo kantoma, Paul Bremer, wanda bai taɓa aiki a ƙasar Larabawa ta Gabas ta Tsakiya ba, ba ya kuma jin Larabci. Ya sauka 12 ga Mayu. Ranar 16 ya sa hannu a doka ta ɗaya, ya kori manyan 'yan jam'iyyar Ba'as daga aikin gwamnati. Mu da muka ga mulkin soja mun san yadda katin jam'iyyar mai mulki yake: wani don aƙida ya yanka, wani don kada a hana shi ƙarin girma. Dubun-dubatar mutane suka tafi, cikinsu har da malaman makaranta da likitoci da injiniyoyin da suka san inda kowane bututu ya bi. Ranar 23 ya rusa rundunar soja, mutum kusan 400,000, alhali tsarin da aka gabatar wa Bush a Maris na a riƙe ta ne. Bremer yana kare kansa da cewa rundunar ta riga ta watse, barikoki sun zama kango, kiranta kuma zai fusata Kurdawa da 'yan Shi'a. Akwai ƙamshin gaskiya. Amma ku ɗauki kanar ɗaya mai 'ya'ya shida, an wayi gari ba albashi, ba fansho, ba girma, ya san inda rumbu yake, ya iya haɗa nakiya. A watan Yuni irinsa suka yi zanga-zangar neman haƙƙinsu a ƙofar fadar kantoma, aka harbe biyu. Daga baya aka ce za a riƙa ba su ɗan alawus. Ihu bayan hari.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Alƙa'idar da aka ce an zo kora, sai bayan mamaya ta yi reshe a Iraƙi a hannun Zarƙawi. A Agusta 2003 aka tarwatsa ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya, wakilinta Sergio Vieira de Mello da mutum 21 suka mutu. Hotunan gidan yarin Abu Ghraib suka fito a 2004. Aka fasa hubbaren Askari a Samarra a Fabrairu 2006, maƙwabci ya fara yanka maƙwabci saboda sunansa Umar ko Ali. Aka rataye Saddam ranar 30 ga Disamba 2006, safiyar Babbar Sallah, masu rataya suna masa ihun ɗarika, har azzalumi ya koma abin tausayi a idon jama'a. Amurka ta rasa soja kusan 4,500, Birtaniya 179. Na 'yan Iraƙi ana gardama: masu ƙidaya gawa-gawa daga rahotanni sun haura farar hula 100,000 kafin ficewar Amurka a 2011, binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2006 kuwa ya kai ƙiyasinsa 655,000. Fiye da miliyan huɗu suka bar gidajensu.

Na san wani zai tashi a lokacin tambayoyi ya ce, Malam, ƙarin soja 30,000 na 2007 ya rage zubar jini, ashe da an yi shiri tun farko da an dace. Ya rage, musamman da ƙabilun Anbar suka juya wa Alƙa'ida baya. Zai kuma ce yau Iraƙi na zaɓe, Bakurde ma, Jalal Talabani, ya zama shugaban ƙasa a 2005. Ban musa ba. Amma yaƙin nan mai kyakkyawan shiri da ake kwatantawa ba a taɓa ajiye shi a kan tebur ba, waɗanda suka kawo shi an kore su ko an yi musu dariya. Ko kwamitin John Chilcot na Birtaniya, da ya shekara bakwai yana bincike kafin ya fitar da rahoto ranar 6 ga Yuli 2016, abu biyun ya haɗa: an tafi yaƙi ba a ƙure hanyoyin lumana ba, shirin bayan Saddam kuma sam bai wadatar ba. Ya ƙi karɓar uzurin Blair na cewa sai daga baya aka gane, domin an yi gargaɗin tun kafin a tafi. A cikin takardun da ya fallasa har da wasiƙar Blair ga Bush ta 28 ga Yuli 2002, inda ya yi masa alkawarin yana tare da shi ko me zai faru.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan karon wasu ruwan ya doka. Abubakar al-Bagadadi, wanda daga baya ya jagoranci ƙungiyar ISIS, ya yi zaman sansanin Bucca a hannun Amurka a 2004, tsofaffin hafsoshin Saddam na cikin waɗanda suka tsara masa rundunar da ta kama Mosul a Yuni 2014, a Maris 2015 kuma Abubakar Shekau ya yi masa mubaya'a. Tutar da aka ɗinka a kangon Iraƙi ita ce ta zo ta kafu a tsibiran Tafkin Chadi. Ban ce mamayar ce ta haifi fitinarmu ba, tamu tana da iyayenta a gida, amma masuncin Baga da manomin Diffa sun biya wani kaso na bashin da ba su ci ba.

Su kuwa masu jan ruwan, ranar 14 ga Disamba 2004, wata guda bayan an ragargaza birnin Falluja na Iraƙi, Bush ya tara mutane a fadarsa ya rataya wa mutum uku lambar yabo mafi girma da Amurka ke bai wa farar hula: George Tenet na CIA, wanda ya kawo bayanan makaman, da Tommy Franks, wanda ya tsara shigar, da Paul Bremer, wanda ya rusa rundunar.

Shugaban taro, na ga takardar da ka turo, na ci lokacin tambayoyi da minti biyar, a gafarce ni.